Tsofaffin Sulallan Zamanin Fam da Sule: Yadda Ake Gane Harafin Masana'anta da Kuskuren Bugu

Gabatarwa

A garuruwa da ƙauyukan jiharmu, da wuya a sami gidan da aka rasa tsohon kwabo mai huji, ko sule, ko fataka, ajiye a gindin adaka ko cikin kwallar tsohuwa. Wasu gado ne, wasu kuma tsintarsu aka yi a gona ko wajen rushe tsohon gini. Tun da aka daina ciniki da su, jama'a suka rabu gida biyu a kansu. Akwai masu ganin ba su da wani amfani, sai su haɗa su da ƙarafa su sayar wa 'yan gwangwan, ko su ba maƙeri ya narke. Akwai kuma waɗanda jita-jita ta ruɗa, suna zaton kowane tsohon kwabo zai iya sayen gida da mota, har 'yan damfara su sami ƙofar shiga. Duka ɓangarorin biyu asara suke yi.

Gaskiyar magana ita ce mafi yawan waɗannan sulalla an buga su da yawan gaske, don haka kuɗinsu a wurin masu tara tsofaffin kuɗi bai taka kara ya karya ba. Sai dai a cikinsu akwai 'yan ƙalilan da ake nema ruwa a jallo, kuma abin da ya raba su da sauran ƙanƙane ne: shekara, ko ɗan harafi guda, ko kuskuren da aka yi ranar bugu. Mun shirya wannan bayani ne domin mutanen karkara da masu unguwanni da dagatai da ma'aikatan ƙananan hukumomi su san abin da ake dubawa.

Taƙaitaccen tarihin kuɗin

Kafin zuwan Turawa, wuri shi ne kuɗin yau da kullum a ƙasar Hausa. A shekarar 1907 aka fara buga wa Nijeriya sulalla nata a Ingila, wato kwabo da anini. Anini goma ne kwabo ɗaya. Aninin farko na alminiyum ne, amma a 1908 aka sauya shi da farin ƙarfe na haɗin jan ƙarfe da nikel. A 1911 aka ƙaro ɗari, wato rabin kwabo. Waɗannan uku duk masu huji ne a tsakiya. A fuska ɗaya akwai kambi da sunan sarkin Ingila da darajar kuɗin cikin Turanci da Larabci, a ɗaya fuskar kuma akwai tauraro mai tsini shida da shekara.

A 1912 aka kafa Hukumar Kuɗi ta Afirka ta Yamma, wadda ta haɗa Nijeriya da Gwalkwas, wato Gana ta yanzu, da Saliyo da Gambiya a kan kuɗi ɗaya. Daga 1913 ta fitar da taro da sisi da sule da fataka na azurfa, masu hoton sarki. Taro kwabo uku ne, sisi kwabo shida, sule kwabo goma sha biyu, fataka sule biyu, fam kuma sule ashirin. A 1920 aka bar azurfa aka koma tagulla mai ruwan ɗorawa. A 1938 aka sake haɗin tagullar, aka kuma yi wa sule da fataka wani kwari a tsakiyar gefensu domin daƙile masu buga jabu. A 1952 aka ƙanƙanta kwabo aka mayar da shi ja.

Babban Bankin Nijeriya ya fara aiki ranar 1 ga Yuli, 1959, ya fitar da sulalla masu ɗauke da shekarar 1959: taro mai kusurwa goma sha biyu da hoton auduga, sisi da koko, sule da ganyen kwakwar manja, fataka da gyaɗa. Ranar 1 ga Janairu, 1973 aka koma naira da kwabo. Bayaninmu ya fi karkata ga kuɗin 1907 zuwa 1958, domin su ne aka buga a masana'antu daban-daban, kuma a cikinsu aka fi samun bambance-bambancen da za mu ambata.

Yadda ake buga sulalla

Ba za a gane kuskure ba sai an san yadda aikin yake tafiya. Ba zuba sulalla ake yi kamar yadda ake zubin tukunyar dalma ba. Faifan ƙarfe ake yankawa daidai girma da nauyi, a sa shi tsakanin hatimai biyu na baƙin ƙarfe mai tauri, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, sannan inji ya danne da ƙarfin gaske. Wani zobe yana riƙe faifan ta gefe don kada ya baje.

A jikin hatimi zanen a juye yake, kuma a lotse. Saboda haka duk abin da ya lotsa a hatimi zai fito tudu-tudu a jikin kuɗi, abin da ya yi tudu a hatimi kuma zai lotsa a jikin kuɗi. Hatimi guda yana buga dubban sulalla kafin ya gaji. Daga nan ƙa'idoji biyu suka fito, waɗanda muke so mai karatu ya riƙe. Ta farko, idan aibin a jikin hatimi yake, zai maimaitu iri ɗaya, a wuri ɗaya, a kan duk sulallan da hatimin ya buga. Ta biyu, abin da ya sami kuɗi bayan ya bar masana'anta, kamar karce ko duka ko tsatsa, lalacewa ce kawai, kuma rage daraja take yi.

Harafin masana'anta

Masana'antar buga kuɗi ta gwamnatin Ingila da ke Landan a wancan lokaci ba ta iya ɗaukar dukkan aikin ita kaɗai ba, don haka takan ba wasu kamfanoni kwangila. Domin a san wanda ya yi kowane bugu, sai a sa ɗan ƙaramin harafi a jikin hatimi. Ga waɗanda ake samu a kuɗin Afirka ta Yamma:

1. Babu harafi: bugun masana'antar gwamnati ta Landan.
2. H: bugun masana'antar Heaton ta birnin Bamingam.
3. KN: bugun kamfanin ƙarafa na King's Norton, shi ma a Bamingam.
4. SA: bugun masana'antar Piritoriya a Afirka ta Kudu. Ana ganinsa a kwabon 1946 da na 1947. Na 1947 yana da yawa, na 1946 kuwa yana da wuyar samu ƙwarai.
5. G: bugun kamfanin J. R. Gaunt na Bamingam. A sulen tagulla na 1920 ake samunsa, kuma yana cikin waɗanda masu tarawa suka fi nema.

A kuɗi masu huji, a nemi harafin dab da hujin, a fuskar da ke da kambi. A sule da fataka kuwa a juya bayansu, a duba gindin bishiyar kwakwar manja. Harafin bai kai ƙwayar gero girma ba, don haka ana bukatar hasken rana da gilashin ƙara girma irin na masu gyaran agogo ko waya. Kyamarar waya ma tana taimakawa idan aka matso da hoton.

Misalin kwabon 1946 ya isa ya nuna muhimmancin wannan harafi. Mutum zai iya riƙe kwabo uku masu shekara ɗaya, nauyi ɗaya, zane ɗaya: mai H, mai KN da mai SA. Biyun farko gama-gari ne, na ukun ne kaɗai abin nema. Kama da wane ba ta wane.

Kurakuran da kan shafi harafin iri uku ne. Na farko, da yake dabam ake buga harafin a jikin hatimi, wani lokaci yakan karkace, ko ya ɗan gusa daga inda aka saba ganinsa. Na biyu, idan ma'aikaci ya buga harafin sau biyu kuma bugun bai hau kan juna daidai ba, sai a ga kamar inuwar wani harafi a gefen na ainihi. Na uku, maiƙo da ƙurar ƙarfe sukan cike ramin harafin a hatimi, sai ya fito dishi-dishi, ko rabinsa ya ɓace, misali a ga K babu N. A irin wannan, wurin da harafin ya ɓace yakan kasance sumul, launinsa ɗaya da sauran fuskar kuɗin.

Bambancin hatimi

Bayan harafi, akwai bambance-bambancen da ke fitowa daga jikin hatimin kansa.

Tsagewar hatimi. Idan hatimi ya tsufa ya tsage, ƙarfe yakan shiga tsagar, sai a ga siririn layi mai tudu kamar jijiya, sau da yawa daga baki zuwa cikin rubutu. Idan ɓangaren hatimin ya ɓalle gaba ɗaya, sai a ga dunƙulen ƙarfe marar zane a bakin kuɗin.

Ruɓanyar zane. Wajen ƙera hatimi ana danna masa uwar zane fiye da sau ɗaya. Idan ya gusa tsakanin dannawa, haruffa da lambobi sukan fito biyu-biyu, kowanne da tudunsa.

Gyaran shekara. Akan ɗauki hatimin bara a buga sabuwar lamba a kan tsohuwa don kada a yi asararsa, sai ragowar tsohuwar lambar ta leƙo ta ƙarƙashi.

Alfadari. Wannan shi ne mafi daraja a cikinsu. Masu tara kuɗi suna kiransa da sunan alfadari ne saboda an haɗa hatimai biyu da ba na juna ba, kamar yadda alfadari ya fito daga jaki da goɗiya. Sanin zamanin sarakunan Ingila shi ne mabuɗin gane shi. Edward na Bakwai ya yi mulki daga 1901 zuwa 1910, Joji na Biyar daga 1910 zuwa Janairun 1936, Edward na Takwas daga Janairu zuwa Disamban 1936, Joji na Shida daga nan zuwa Fabrairun 1952, sannan Sarauniya Elizabeth ta Biyu. Idan sunan da ke fuska bai dace da shekarar da ke baya ba, to a tsaya a duba da kyau. Uku ne sanannu a kwabon Afirka ta Yamma:

1. Kwabon 1936 mai harafin H wanda bayansa namu ne, da tauraro, amma fuskarsa ta kuɗin Afirka ta Gabas ce. Darajar da aka rubuta a fuskar santi goma ce maimakon kwabo ɗaya, kuma babu rubutun Larabci.
2. Kwabon 1945 mai harafin H wanda ke ɗauke da sunan EDWARDVS VIII, alhali sarkin ya yi murabus shekara tara kafin nan.
3. Jan kwabon 1956 mai harafin H wanda ke ɗauke da sunan Joji na Shida, shekara huɗu bayan rasuwarsa, a lokacin da ya kamata sunan Sarauniya ne a kai.

A nan ya wajaba mu gyara wata fahimta. Da yake Edward na Takwas bai cika shekara a gadon sarauta ba, kuma ba a saki kuɗi mai hotonsa a Ingila ba, ana yawan cewa duk kwabo mai sunansa dukiya ce. Ba haka ba ne. Anini da ɗari da kwabo masu sunansa na shekarar 1936 an buga su miliyoyi, kuma suna nan birjik. Haka kuma samun sunan Joji na Biyar a kuɗin 1936, ko na Joji na Shida a kuɗin 1952, daidai ne, domin kowannensu ya shiga shekarar yana kan mulki.

Kuskuren bugu guda

Akwai kurakuran da ba daga hatimi suke ba, a kan kuɗi ɗaya tak suke faruwa. Faifai yakan zame, sai zanen ya hau gefe ɗaya, ɗaya gefen ya zauna fili kamar jinjirin wata. Injin yanka yakan ci gefen faifai tun kafin bugu. Huji yakan kauce daga tsakiya, wani lokaci ma kuɗin ya fita ba a huda shi ba. Hatimi guda yakan kwance ya juya, ta yadda idan aka juya kuɗin bayansa zai fito a karkace idan an gwada shi da 'yan'uwansa. Irin waɗannan suna da masu so, matuƙar kuskuren ya fito fili kuma kuɗin bai goge ba.

Yadda ake rarrabe kuskure da lalacewa da jabu

Da yake harafi guda yana iya ɗaga farashi, ba a rasa masu ƙirƙirarsa. Muna ba da shawarar a bi waɗannan matakai:

1. A duba tudu da lotsi. Tsagar hatimi tudu take yi. Karce kuwa rami ne, kuma gefensa yakan ɗan tashi.
2. A duba kewayen harafi. Idan an goge shi da magagari ko takardar yashi, za a ga ƙananan layuka da ɗan kwari, launin wurin kuma zai bambanta. Idan liƙa shi aka yi da dalma, za a ga zobe a gindinsa, kuma siffarsa ba za ta yi daidai da ta 'yan'uwansa ba.
3. A duba gefe da cikin huji. Mai son ƙirƙirar alfadari yakan fere kwabo biyu ya manne su, amma layin haɗin ba ya ɓuya.
4. A saurari ƙara. Kuɗin da aka buga yana amo mai tsawo idan an ɗora shi a kan yatsa an ɗan ƙwanƙwasa. Na zubi da wanda aka manne ƙararsu a dakushe take.
5. A duba fata. Jabun zubi yana da ƙananan ramuka kamar zanzana, rubutunsa kuma ba shi da kaifi.
6. A auna a ma'aunin masu sayar da zinariya. Sulen azurfa bai wuce giram 5.66 ba, fatakar azurfa kuma giram 11.31, sai ɗan abin da gogewa ta rage.
7. A gwada da maganaɗisu. Azurfa da tagulla da farin ƙarfen kwabo mai huji duk ba sa kamawa. Idan ya kama, jabu ne.
8. A jera shi da wasu masu shekara ɗaya. Babu gwajin da ya fi wannan sauƙi da amfani.

Hujin da mata suka yi don rataya sule a sarƙa ko kitso, da kunnen da maƙeri ya liƙa, ba kuskuren masana'anta ba ne.

Tsokaci a kan liyari

Akwai babbar azurfar nan mai hoton mace da ake kira liyari ko dala, wadda fatake suka shigo da ita ta Sahara. Hoton na Mariya Tareza ce, sarauniyar Ostiriya, wadda ta rasu a 1780. Tun daga lokacin ake ta sake buga kuɗin ba tare da an sauya shekarar ba, a Biyana da wasu birane kamar Rum da Landan da Faris da Bombai. Saboda haka ganin 1780 ba ya nufin kuɗin ya shekara ɗari biyu, kuma haruffan S.F. da ke ƙarƙashin hoton suna kan kusan dukkansu. Masana suna gane inda aka buga kowanne ta ƙananan bambance-bambancen hatimi, kamar yawan duwatsun adon kafaɗa da siffar alamar da ke bayan shekarar. Nauyinsa giram 28 ne da ɗan ɗori, kuma kashi 83 cikin ɗari azurfa ne. Mafi yawansu darajar azurfarsu ce darajarsu, don haka kada a sayar ba a auna ba.

Daraja, ajiya da 'yan damfara

Abubuwa uku ne ke yanke farashi: ƙarancin kuɗin, lafiyar jikinsa, da samuwar mai bukata. Kwabo mai wuyar samu da ya goge har rubutunsa ya dushe ba zai kai rabin rabin wanda ya tsira da kaifinsa ba. Don haka kada a wanke tsohon kuɗi da toka ko yashi ko lemun tsami ko ruwan batir. Duhun da shekaru suka sa masa ba datti ba ne a wurin masu saye, goge shi kuma yana zubar da darajarsa har abada. A riƙe shi ta gefe, a naɗe kowanne dabam a takarda, a ajiye inda babu laima.

Babu wani sinadari na ɓoye a cikin kwabo mai huji, ba ya jawo shinkafa ko allura, ba ya tsayar da agogo. Duk wanda ya ce zai saya da miliyoyi amma sai an fara biyan kuɗin gwaji, ko na rajista, ko na motar wani Bature da zai zo, to ɗan damfara ne. Mai saye na gaskiya shi ke biya. Haka nan kada a ba baƙo kuɗin ya tafi da shi da sunan zai kai a duba. A ɗauki hoton fuska da baya da gefe, a ji ta bakin mutum biyu ko uku kafin a yanke shawara. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Aikin shugabanni da ma'aikata

Idan aka tono tulu ko tukunya cike da tsofaffin kuɗi a gona ko wajen aikin hanya, muna roƙon kada a rarraba su nan take. Haɗuwarsu wuri ɗaya ita kanta tarihi ce, domin shekarar da ta fi kusa a cikinsu tana nuna lokacin da aka binne su. Mai unguwa ko dagaci ya sa a ƙirga a gaban shaidu, a rubuta wuri da rana da sunan wanda ya tsinta. Dokar da ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa a 1979 ta tanadi cewa wanda ya gano kayan tarihi a ƙasa ya sanar da hukumar da kuma sakataren ƙaramar hukumarsa, ta kuma hana fitar da kayan tarihi waje ba tare da izini ba.

Wajen rabon gado, ya kyautu a ware azurfa daga tagulla, a auna ta, a kuma duba shekara da harafi kafin a yi wa kayan kuɗi, don kada a tauye haƙƙin marayu. Har ila yau, muna tunatar da jama'a cewa Dokar Babban Bankin Nijeriya ta 2007 ta haramta lalata sulalla da takardun kuɗin da bankin ya fitar, hukuncinsa ɗaurin da bai gaza wata shida ba, ko tarar da ba ta gaza naira 50,000 ba, ko duka biyun.

Mai son ƙarin sani zai iya tuntuɓar ma'aikatan gidan tarihi mafi kusa da shi, kamar Gidan Makama a Kano ko gidajen tarihi na Kaduna da Jos. Babban Bankin Nijeriya ma yana da gidan tarihin kuɗi a Abuja, wanda aka buɗe a 2009.

Kammalawa

Duk wanda tsohon kuɗi ya shigo hannunsa, ya duba abu huɗu a jere: shekara, harafin masana'anta, sunan sarki, sannan lafiyar jikin kuɗin. Idan komai ya zo daidai da na kowa, ya adana shi don 'ya'ya da jikoki su ga abin da kakanninsu suka yi ciniki da shi. Idan kuwa ya ga abin da ya saɓa, kada ya goge, kada ya yi gaggawar sayarwa, ya nemi masani tukuna. Matambayi ba ya ɓata.